Ranar da raƙumi ya rikita ƙanena



Bara da aka sa autanmu a ajin farko, Baba ya sayo masa littafin haruffan Larabci mai hotuna a kasuwar Dole, nan Damagaram. Kowane harafi da hotonsa: alif da zomo, ba da agwagwa, jim da raƙumi. Murna wajen yaron ba a magana, har kwana yake da shi.

Bayan wata biyu sai ya fara ƙin zuwa makaranta. Kullum da safe ciwon ciki. Ashe in Malam ya nuna masa jim sai ya ce "ra", yara su kwashe da dariya. Har an fara maganar zai maimaita aji.

Wani dare na zaunar da shi, na ɗora yatsa kan jim na ce, "Mene ne wannan?"

Ya ce, "Yaya, ra ne mana. Ba ga raƙumi ba?"

Sai jikina ya yi sanyi, don yaron bai yi ƙarya ba. An yi littafin ne don yaran da ke ce wa raƙumi jamal, zomo kuma arnab. Shi kuwa da Hausa yake ganin hoton, sai hoton ya kai shi ga wani harafi daban.

Na ɗauko tsohon kaye na yi masa nasa. Jim na zana jaki, dal doki, kaf kaza, lam lemo. Raƙumi na mai da shi wajen ra, zomo wajen zai. Jakina ya fi kama da kare, amma ya gane shi.

Cikin haruffa 28 ɗin akwai waɗanda ban samo musu kalmar Hausa ba, kamar ain da lodi da ha ƙarami. Na kai wa Malam kayen. Ya duba ya ce, "Waɗannan ki bar su, daga baki ake ɗaukarsu." Haka ya riƙa faɗa yaron yana maimaitawa.

Yanzu auta ya gama babbaƙu ya shiga farfaru, ciwon cikin ma ya warke. Littafin Baba kuma yana nan, da shi yake koyon sunayen dabbobi da Larabci.

'Yan uwa, in ƙaninku ya yi kuskure, ku tambaye shi dalili kafin ku ce masa daƙiƙi.