JAKAR BABA: DAGA KANO ZUWA RAYFIELD

 Yau tafiya zan kai ku, amma kafin mu hau mota bari in fara tona wa kaina asiri. Shekara 6 na yi a sakandare ban taɓa faɗa wa ƙawa ko ɗaya sana'ar mahaifina ba. In an tambaye ni sai in ce, "A Nasarawa yake aiki," in yi maza in canza zance. Alhali kuwa tun yana yaro Baba yake ɗaukar wa 'yan wasan golf jaka a filin Kano, irin waɗanda ake ce wa kadi, har Allah ya sa ya iya wasan ya koma koyar da shi. Da wannan ya ciyar da mu, ya biya mana kuɗin makaranta, amma ni a wautata gani nake dako ne kawai. Abin bai tashi damuna sosai ba sai da wanda ke zuwa zance wurina ya ce manyansa za su fara bincike. Ranar ko barcin kirki ban yi ba.

Ana cikin haka sai wani Alhaji da Baba ke koya wa wasa ya shirya zagayen filaye shi da abokinsa, wani tsohon injiniya, za su bi Zariya da Kaduna su ƙare a Jos. Da yake Gwaggona a Jos take aure, sai Umma ta ce, "Ga mota ta samu, ki bi Babanki ki yi hutu can." Haka na shiga ina ta cika ina batsewa, ga jakunkuna uku sun cika but.

Ga wadda ba ta san wasan ba, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ga yadda yake a taƙaice. Daga ƙasar Sikotlan ya samo asali. Cikakken fili yana da ramuka 18, kowane rami da tuta a kansa, a bugi 'yar ƙaramar farar ƙwallo da sanda daga nesa har a jefa ta ciki. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. Doka ba ta yarda a ɗauki sanda fiye da 14 a jaka ba, kuma zagaye ɗaya kan ci wajen awa huɗu ana tafiya a ƙasa.

Ko Kwanar Dangora ba mu kai ba musu ya ɓarke a kan filin da ya fi kowanne. Alhaji ya ce shi fa ba ya haɗa filin IBB na Abuja da komai, wanda aka buɗe a 1991, ga ciyawa shar kamar darduma, ga tafkuna da gadoji. Injiniya ya ce a'a, shi Kaduna ce tasa, can ya fara riƙe sanda. Baba dai na gaba kusa da direba yana murmushi. Da suka matsa masa sai ya ce, "Ranka ya daɗe, na Abuja kowa ya gani ya yaba. Amma in mutum na son ya san ko ya iya, to ya je inda ƙasa ba ta yi masa sassauci."

A Zariya muka fara yada zango. Wallahi da na ga filin sai na ce a raina, yanzu wannan ne aka baro Kano dominsa? Rani ne, ciyawa ta bushe ta yi ja, sai itatuwa jefi-jefi. Baba ya ce irin wannan fili ne ake rainawa, amma shi ke fitar da 'yan wasa. Ƙasar rani tauri gare ta, in ƙwallo ta sauka ba ta tsayawa, sai ta yi ta gangarawa ta wuce inda ake so, don haka dole mutum ya koyi sauke ta tun kafin wurin. Ya ba ni labarin yadda suka koyi wasa su ma. A zamaninsu, a filayen Arewa ba ciyawa ake shukawa kewaye da rami ba saboda ƙarancin ruwa. Yashi ake tankaɗewa a cuɗa shi da baƙin mai a shimfiɗa, shi ake kira burawun, kuma kafin a yi bugun ƙarshe sai an share hanyar ƙwallo ta yi sumul. Ya ce, "Shekara nawa na yi ina wannan sharar, 'yar Baba. A nan na koyi gane inda ƙasa ta karkata." Na yi shiru, don ban taɓa tambayarsa ba balle ya faɗa min.

Washegari muka buga sammako sai Kaduna. Kulob ɗin nan tun 1921 yake, har titin da ke wajen da sunan filin ake kiransa. Nan kam na yarda da Injiniya, akwai inuwa, manyan itatuwa a jere hagu da dama. Ashe su ne tarkon. Alhaji ya zabga wa ƙwallo bugu da ƙarfinsa, sai ji muka yi ƙwas, ta daki reshe ta faɗo gindin bishiya. Baba ya zaro wata sanda ya miƙa masa ya ce ya bar neman nisa, ya fara fito da ita fili tukuna. Alhajin nan da na ga mutane na durƙusa masa a ofis, sai ji na yi ya ce, "To Malam, yadda ka ce." Malam fa! Na ɗago kai na kalli Babana kamar yau na fara ganinsa.

Rana ta uku muka bi ta Pambeguwa da Saminaka muka fara hawa tudu. Tun kafin mu shiga gari na jawo mayafi na ƙudundune, don Jos tana bisa tsauni da ya kai wajen mita 1,200, sanyinta ba irin namu ba ne. Sai a nan Baba ya faɗi nasa zaɓin. Ya ce duk ɗan wasan da bai taka Rayfield ba, da sauransa.

An kafa wannan fili a 1913, zamanin da Turawa ke haƙar kuza a ƙasar Jos, kuma mutane da yawa na ɗaukarsa a matsayin mafi daɗewa a Nijeriya. Ku duba fa, ya girmi haɗewar Kudu da Arewa ta 1914 da shekara guda. A yankin har yanzu akwai manyan ramukan da aka bari bayan haƙar kuza, ruwa ya cika su sun zama tafkuna, ga duwatsu can nesa sun hau kan juna kamar da hannu aka jera su. Iska na kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Baba ya ce abu biyu ke ruɗar baƙo a nan. Na farko, iskar tudu ba ta da kauri kamar ta ƙasa, don haka ƙwallo kan yi nisa fiye da yadda mutum ya saba. Na biyu, in ba ka lura da inda iska ta dosa ba, za ta ɗauke maka ƙwallo ta kai ta inda ba ka aike ta ba. Kafin kowane bugu sai ya tsinki 'yar ciyawa ya watsa sama ya ga inda ta nufa.

Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa a rami na tara ya faru. Wata Hajiya ce ta iso, likita ce ashe, sanye da doguwar riga da wando da ɗan mayafinta ta ɗaure tsaf, ga hular rana a sama. Tana hango Baba ta saki sanda ta taho da sauri tana gaishe shi har da rusunawa. Ashe lokacin da take aiki a Kano shi ya koya mata. Ta dube ni ta ce, "'Yarki ce Malam?" sai ta yi dariya ta gyara, "Au, 'yarka ce? Kin iya kuwa?" Na sunkuyar da kai na ce ban taɓa riƙewa ba. Ta riƙe haɓa ta ce, "Tabɗijam! Ga rijiya a gidanku kina yawo da ƙishi." Ta ce min akwai 'yar Nijeriya mai suna Georgia Oboh da ta kai har ga buga gasar ƙwararrun mata a Turai, kuma tun tana ƙarama ta fara.

Da yamma da mutane suka ragu, Baba ya kai ni wurin gwaji ya gyara min riƙo. Bugun farko iska na doka. Na biyu ƙasa na tono har ta watsa min a fuska, yaran da ke ɗaukar jaka suna ta ƙunshe dariya. Baba ya ce, "Ki bar kallon inda za ta, ki kalli ƙwallon." A na biyar sai na ji wani ɗan sauti, ƙyas, ƙwallo ta tashi sama ta tafi. Ba wani nisa ta yi ba, amma wallahi sai da na yi tsalle na manta a gaban mutane nake. Da za mu tafi na ce shi ya bar min jakar in ɗauka zuwa mota. Kai, 'yan uwa, ashe haka take da nauyi! Kafin mu isa kafaɗata ta yi tsami, shi kuwa shekara da shekaru yana yawon awa huɗu da ita a rana. Na juya kai don kada ya ga hawayena.

In kun tambaye ni yanzu, ga yadda na jera su. Na Abuja ban je ba, na bar wa Alhaji yabonsa. Kaduna ta fi daɗin tafiya saboda inuwa. Zariya ce aka fi rainawa alhali tana koyar da mutum. Rayfield kuwa, duk wadda hutu ya kai ta Jos ta roƙi yayanta ko kawunta ya kai ta, a nemi izini a ƙofa, ko kallo ne ta yi. Ki tafi da rigar sanyi da takalmi marar tsini, kuma in kin ga mutum zai yi bugu ki tsaya cik ki yi shiru, haka ladabin wurin yake.

Da na dawo Kano, ranar da mutumin nawa ya zo zance ban bari ya gama zama ba na ce, "Kafin a je bincike bari ka ji daga bakina. Babana kadi ne, da ɗaukar jaka ya fara, yanzu shi ke koyarwa." Ya yi dariya ya ce ai tun tuni ya sani, jira yake ya ga ranar da zan faɗa. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu duk Asabar da safe tare muke fita da Baba, kuma ni ke riƙe masa jaka har bakin fili. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum.