Bashin Baba Mai Kili

Watan jiya, bayan la'asar, ina cikin ƙirga wasu turamen atamfa da suka iso daga Kano, sai ɗana na biyu ya shigo shago ya tsuguna. Da na ga tsugunon na san da magana, don yaran yanzu ba sa tsugunawa a banza. Ya ce, "Abba, so nake ka ara mini kuɗi daga cikin jari in sayi kyamara ta gaske. Wayar nan ta yi mini kaɗan." Na ce kyamarar me? Ya ce ta dawaki. Wai so yake ya riƙa bin hawa da sukuwa, daga nan Garwa zuwa Marwa da Ngaundare, in hali ya yi har Yola da Kano da Damagaram, yana ɗaukar mahaya yana sayar musu, ragowar ya zuba a TikTok da Facebook.

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Na ce ya je zan yi tunani. Da dare uwarsa ta ce, "Malam, kai da ka yi shekaru kana shan ƙurar dawaki da kyamara a kafaɗa, yau kai za ka yi wa yaro rowa? Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe?" Gaskiyarta. Sai dai akwai abin da ita ma ba ta san shi duka ba, kuma shi ne ya hana ni barci a daren nan.

Ni a cikin birnin Kano aka haife ni. Duk yaron da ya tashi a can zamanin Sarki Ado Bayero ya san abin da ake nufi da ranar Hawan Daushe: tun azahar mun tsere daga gida mun kama wuri a Ƙofar Kudu, wani kan katanga, wani kan reshe, muna jiran 'yan bindiga su fara. Ga 'yan lifidi, ga 'yan sulke, ga dogarai cikin ja da kore, ga hakimai kowa da jama'arsa. Da na zo Garwa a matsayin yaron shago, Sallar farko da ta same ni a nan kuka na yi a bayan tarin yadi, ba zan ɓoye muku ba. Maigidana ne ya ce in rufe shago in bi shi ƙofar fadar Lamiɗo. Ina isa na ji algaita, na ji kakaki, na ga mahaya sun jero sun sako dawaki a guje, masu da takubba a sama, suka zo daf da Lamiɗo suka ja linzami, ƙura ta turnuƙe. A nan fantaziya ake ce masa. Na ce a raina, ai wannan jafi ne, sunan kawai aka sauya. Tun daga ranar garin ya daina yi mini baƙunta.

Kyamarata ta farko Yashica ce, kwance na saye ta a hannun wani mai ɗakin hoto da zai koma gida. Fim ɗaya hoto 36 ne, in ka yi sa'a ka ci ribar guda a ƙarshe. Yaran yanzu da ke danna ɗari biyar su zaɓi goma ba za su gane ba. Mu kowace dannawa kuɗi ce, kuma ba ka ganin abin da ka yi sai an wanke, bayan kwana biyu ko uku. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, aka raba ta biyu, kayan da ake shigowa da su daga waje duk suka yi tsalle, har da fim da takardar hoto. A shekarar na koyi riƙe yatsa.

Babu wanda ya koya mini aikin, asara ce ta koya mini. Abu na farko, doki ba ya jiran mai hoto. In ka bari sai ka ga abin da kake so sannan ka danna, to wutsiya za ka samu. Sai ka karanta dokin, ka ga ya tattara ƙafafun baya zai yi zamiya, ka danna kafin abin ya auku. Kuma dole ka ɗaga saurin ƙyaftawar kyamara zuwa ɗaya bisa 500 na daƙiƙa ko fiye, in ba haka ba ƙafafu su fito kamar hayaƙi. Ga shi yawancin hawa da yamma ake yi, rana na faɗuwa, ƙura na cinye ɗan hasken da ya rage. Filasha kuwa ko da wasa. Na taɓa ganin wani baƙo ya haska wa ingarma ita a ido, da ƙyar aka ciro mahayin daga ƙarƙashin sirdi.

Babbar wahalar ma ba gudun ba ce, rawani ne. Ku duba: farin rawani, farar riga mai sheƙi, wataƙila dokin ma fari, sannan a tsakiya ga baƙar fuska rabinta a cikin amawali. Kyamara na ganin farin nan sai ta tsorata ta rage haske, hoto ya fito riga tsaf, fuska kuwa rami. Fim uku na ɓata kafin na gane cewa ƙaryata ta zan yi, in ƙara buɗe mata ido fiye da yadda ta nema. Sannan kunnuwa. Dokin da aka ɗauka kunnuwansa a kwance, ko ƙafafunsa a tare wuri guda, jaki yake komawa a takarda, kuma mai shi ba zai biya ba. Na lura da masu dawaki shekara da shekaru: in ka miƙa wa mutum hotonsa, dokin yake fara dubawa, sai jalala da ɗan kai da likkafa, sannan daga ƙarshe ya nemi fuskarsa. Wurin tsayawa kuma ilimi ne. Ba a tsayawa a bayan doki, ba a tsayawa saitin jafi. Gefe kake kamawa, ka durƙusa ƙasa don dokin ya fito da girma. Wannan darasin a ƙaurina na hagu yake rubuce, har yau in sanyi ya shigo yana tuna mini.

Batun kuɗi kuma, bari in faɗi gaskiya ko da wani zai ji haushi: zagage da yaran barga su ne masu biya nan take. Babban mutum sai ya karɓi hoto ya yaba, ya ce ka dawo jibi, jibin da ba ta zuwa. Akwai jakar leda a gidana cike da hotunan masu alkyabba da ba a fansa ba.

Daga baya bidiyo ya shigo, na haɗa kuɗi na sayi babbar Panasonic irin ta kafaɗa, mai cin kaset ɗin VHS na awa uku. Kaset na da tsawon rai, batir ne ba shi da shi, musamman in ya tsufa ga zafin Garwa. Guda biyu nake da su, kullum ina lallaɓa su kamar marasa lafiya.

To a wannan zamanin ne na ci bashin da nake magana.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, Bahaushe ne, ɗan kolin da ƙarfinsa ya ƙare. Ba hakimi ba ne, ba mai sarauta ba. Abin da ya mallaka a duniya da za a nuna shi ne wani kili, fari tas, wanda yake ciyarwa kafin ya ci. Mutum ne da zai karya da koko ba ƙosai amma harawa da dusa da kanwa ba sa yankewa a turken nan. Kowa Baba mai kili yake ce masa. Ana saura mako guda wata Babbar Sallah da ta faɗo a tsakiyar bazara, a ƙarshen shekarun 1990, ya zo shago ya kwance bakin zanen aljihu ya ƙirgo mini kuɗi, yawanci silalla. Ya ce, "Ɗan nan, gwiwa ta fara ƙi. Ina jin bana ne hawana na ƙarshe. Akwai jikokina a Zariya da ba su taɓa ganina a kan doki ba. Ka sa ni a kaset in aika musu." Na karɓa, na ce Baba an gama.

Ana jajiberi sai wani Alhaji, babban ɗan kasuwa, ya aiko a kira ni. Ya yi sabbin kayan doki, yana so a ɗauke shi tun daga gida: ɗaura sirdi, naɗin rawani, fitowa, rakiya. Abin da ya sa mini a hannu ya ninka na Baba sau shida. Na san taura biyu ba ta taunuwa, amma na ce ai fili ɗaya ne, kaset awa uku ne, zan haɗa su. A daren aka ɗauke wuta. Batir ɗaya ya cika, ɗayan ko rabi bai yi ba. Akwai mai janareta a bayan layinmu, da na taka na roƙe shi da an wuce wurin. Gajiya ta sa na ce zai isa.

Gidan Alhaji ya cinye cikakken batirin. Rawani kaɗai sau uku aka warware aka sake, kuma kowane sai na ɗauka. Muka iso fili na sa na biyu. Na ɗauki jafin Alhaji da jama'arsa, ya yi kyau ƙwarai. Rukuni biyu suka biyo baya, ina kashewa ina kunnawa. Can na hango farin kili a cikin jeri, ana shirin sako su. Na ɗora ido a madubin leƙe, na ga alamar batir tana ƙyaftawa. Na danna. Wallahi ko daƙiƙa uku ba a yi ba komai ya yi baƙi.

Abin da na yi a lokacin shi ne abin da ban taɓa gaya wa uwar yara ba. Ban sauke kyamarar ba. Na bar ta a kafaɗa, ido a manne, ina bin su da ita kamar mai aiki. Tsohon nan ya zo a guje, ya yi zamiyar da saurayi ba zai yi ba, ya gaishe da Lamiɗo. Da suka juyo sai ya karkato da kilin ya nufo ni, ya tsaya a gabana ya ɗaga mashi, yana haki yana murmushi, yana kallon gilashin. Jikokinsa yake gaisarwa. Ni kuwa ta ɗaya idon nake kallonsa, na ɗaga masa babban yatsa.

Bayan Sallah ya zo karɓa, na ce an kai kaset Yola ana haɗawa. Mako na gaba na ce mai haɗawar ba shi da lafiya. Daga nan in na hango shi ya shigo layin 'yan yadi sai in zame ta baya in bar yaro a shago. Kullum ina cewa gobe zan je in faɗa masa, in mayar masa da kuɗinsa, in ce a ɗaura wa kilin sirdi mu fita bakin Binuwai da safe in ɗauke shi yana kilisa. Abu mai sauƙi. Kunya ta riƙa mayar da goben jibi. Ana tsakiyar damina ya kwanta, kwana tara Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku na jira mutane suka ragu, na ja babban ɗansa gefe, na ba shi kuɗin, na faɗa masa komai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai Baba ya sani. Tun zuwansa na biyu ya dawo ya ce babu kaset. Ya ce kada wanda ya matsa maka, kunya ce ke ɗawainiya da kai. Ya ce in ka kawo kuɗin a sayi harawa." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Harawar aka saya. Bayan arba'in aka sayar da kilin ga wani mutumin Marwa don a biya ɗan bashin da ya bari.

Na koma na bi kaset ɗin Alhaji daƙiƙa-daƙiƙa. A wani wuri, can bayan kafaɗar Alhaji, ana ganin farin doki a tsaye da wani tsoho yana gyara amawali, bai ma san ana ɗauka ba. Bai kai minti ɗaya ba. Shi na kwafa aka aika Zariya. Na ci gaba da aikin wasu 'yan shekaru, har zamanin faifan CD, amma ban ƙara karɓar kuɗin kowa kafin hawa ba.

To ga yaro yanzu yana neman jari. In na sa hular ɗan kasuwa, amsar a fili take. Sana'a ce da kasuwarta ba ta wuce 'yan kwanaki a shekara ba, sai ɗan bikin naɗin sarauta ko angwanci, kuma sanarwa ɗaya ta isa ta rufe ta. A 2020 korona ta hana hawa a Kano. A 2024 da 2025 ma an sake dakatar da shi saboda takaddamar sarauta, alhali a Disambar 2024 ɗin nan ne UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Wanda ya ci bashi ya tafi da kyamara a waɗannan shekarun, da me ya dawo? Ga shi kowa da waya a hannu, kowa mai hoto ne. Atamfa kuwa ko ba Sallah ana haihuwa, ana aure.

Amma na karɓi wayarsa na duba abin da yake ɗauka. Yaron yana da ido, ya fi ni. Ya san kunne, ya san ƙafa, ba wanda ya gaya masa. Kuma na lura ba manya kaɗai yake bi ba. Akwai wani bidiyo da ya yi wa wani yaron barga yana wanke doki a bakin kogi, na kalle shi ya fi sau biyar.

Ranar Juma'a na kira shi, na sa uwarsa ta zauna, na ba su labarin nan daga farko har ƙarshe, har da babban yatsan. Ita ta riƙe baki. Shi ya sunkuyar da kai. Na ce zan ba shi rabin kuɗin, rabin ya nema da guminsa a shago daga nan zuwa azumi, safiya tasa ce a kan kanta, yamma ta dawaki. Na ce batir huɗu zai saya kafin ya yi maganar ɗan jirgin nan marar matuƙi da yake mafarki, wanda ni dai na ga yadda ƙararsa ke firgita dawaki. Mahayi ɗaya a hawa ɗaya. In abu ya lalace, a ranar zai je ya faɗa da bakinsa.

Ya ce ya ji. Da zai tashi sai ya ce, "Abba, kaset ɗin Alhajin yana nan?" Na ce yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, in dai zafi bai cinye shi ba. Ya ce akwai wani a kasuwa da har yanzu yake da injin da ke juye VHS zuwa kwamfuta, gobe zai kai masa. Wai so yake ya ga kilin.