Daga Catan Zuwa Dara

 Yau zancen wasa na zo da shi. Na san wata za ta ce, "Wasa kuma? Mu da mu ke fama da girki da wanki?" To, a yi haƙuri a ji ni. A kowane gida, da an yi sallar lisha an kau da kwanuka, akwai wajen sa'a biyu kafin barci. A da tatsuniya ce ke cin wannan lokaci. Yanzu kuwa kowa sai ya rungumi waya ya ba ɗan'uwansa baya, har uwa ta yi mako guda ba ta san abin da ke zuciyar 'yarta ba. Don haka duk abin da zai tara mutanen gida bisa tabarma ɗaya, ya sa su magana da tunani, ni a wurina ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya tara mu a gidanmu nan Gagarawa Tasha wani wasa ne na Turawa, sunansa Catan. 'Yar yayata ce ta zo da shi sa'ad da ta zo mana hutu daga jami'a. Wani Bajamushe, Klaus Teuber, wanda a lokacin sana'arsa ƙera haƙoran roba ce, shi ya fito da shi cikin 1995. Ga yadda ya ke. Ana jera faifai 19 masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, su zama tsibiri. Wani faifai daji ne, wani makiyaya, wani gonar alkama, wani wurin yin tubali, wani dutsen tama, guda ɗaya kuma hamada. Kowane faifai, ban da hamadar, da lambarsa. Sai a jefa 'yan jifa biyu, irin masu ɗigo-ɗigon nan na ludo. Lambar da ta fito, duk mai ƙauye a gefen faifanta ta sami amfaninsa. Da itace da tubali a ke yin hanya. In an ƙara ulu da alkama a kafa ƙauye. Alkama biyu da tama uku su mai da ƙauye birni. Wadda ta riga kai maki 10 ita ta ci. Amma fa ba mai samun duk abin da ta ke bukata a ƙasarta, tilas ta yi musaya da abokan wasa. Nan daɗin ya ke.

Yawancinmu da ludo mu ka saba, wanda aka yi wa rajista a Ingila cikin 1896, asalinsa kuwa wani wasa ne na Indiya, pacisi. A ludo, in shida ta ƙi fitowa, kome wayonki kina cikin gida a zaune. A Catan ma akwai sa'a, amma mai hankali tana iya yi mata linzami. 'Yata ta aji shida ita ta fara lura cewa 6 da 8 sun fi 2 da 12 fitowa. Sai yayar tata ta sa ta zauna ta ƙidaya. Ashe 'yan jifa biyu ta hanya 36 su ke iya faɗuwa: 7 tana da hanya shida, 6 da 8 biyar-biyar, 2 da 12 kuwa ɗai-ɗai kaɗai. Tun daga ranar ba ta sake kafa ƙauye a gefen 12 ba. Yarinyar da ta ke gudun lissafi ke nan.

Da hutu ya ƙare, mai abu ta naɗe abinta ta koma makaranta. Yara su ka tasa ni gaba, wai lalle sai in samo musu "irinsa". To, wannan kalma "irinsa" tana da wuya. In kin aiki yaro kasuwa da ƙyallen atamfa kin ce ya sayo irinta, me ki ke nufi? Launin, ko zanen, ko ƙarfin saƙar? In ba ki faɗa ba, zai kawo miki abin da ba ki so, kuma ba laifinsa. Haka wasa ya ke. Saboda haka na tara su, har da kishiyata, na ce kowa ya faɗi abin da ya fi so a ciki. Sai ga amsa uku. Kishiyata, wadda ke sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta ce cinikin. Yara maza su ka ce shimfiɗa hanya da tare wa wani gaba. 'Yata ta ce ita dai ta hango abin da zai faru kafin ya faru. Da mu ka san haka, nema ya zo da sauƙi. Na yi ta tambayar 'yar yayata ta waya, ga abin da mu ka tsinta.

Mai son ciniki, akwai Bohnanza, wasan kati na 1997, shi ma daga Jamus. Noman wake a ke yi a ciki. Dokarsa mai ban takaici ita ce ba a sake jerin katin da ke hannu, wanda ya zo gaba shi za a shuka ko ana so ko ba a so. Don haka sai ki yi ta roƙon wata ta karɓi waken da zai ɓata miki gona, ko da kyauta ne. Akwai kuma Jaipur na 2009, na mutum biyu, inda a ke saye da sayar da fata da yadi da kayan yaji da zinariya, ana musaya da raƙuma. Duk wadda ta ji labarin cinikin dabbobi a kasuwar Maigatari ran Alhamis ba za ta yi baƙunta a cikinsa ba.

Mai son gini da tare hanya, akwai Carcassonne na shekarar 2000, mai sunan wani gari mai ganuwa a kudancin Faransa. Faifai 72 a ke ɗauka ɗaya bayan ɗaya ana haɗawa, garuruwa da hanyoyi da gonaki suna fitowa. Sa'an nan akwai Ticket to Ride, wanda Alan Moon ya fitar cikin 2004. Kowa yana da taragu 45, ana ba shi sunayen garuruwa biyu-biyu a ɓoye, ya yi ƙoƙarin haɗa su da hanyar jirgin ƙasa kafin wani ya riga shi kama layin. Mutum biyar na iya yinsa, Catan kuwa huɗu ne iyakarsa sai an sayi ƙari.

Sai dai fa ni ban ga waɗannan a kasuwannin da mu ke ci ba. Sai an yi saƙo daga manyan birane, ko a saya ta intanet, kuma kuɗin guda ba abin da mace za ta cire daga kuɗin cefane ba ne. Amma Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mu da garinmu ya ci sunan tasha, wa zai koya mana hanyar jirgi? Mu ka buɗe babban kwali, yara su ka ɗauko taswirar makaranta su ka zana. Ga Kano, inda jirgi ya iso cikin 1911. Ga reshen da ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya kai Nguru cikin 1930, wanda ya yi ta jigilar gyaɗa zamanin kakanninmu. Ga na Zariya zuwa Gusau da Ƙaura Namoda, ga na Kafanchan zuwa Bauci da Gwambe, wanda ya kai Maiduguri cikin 1964, ga kuma waɗanda su ka gangara Ikko da Fatakwal. Inda layi ya yi kaɗan mu ka ƙara hanyoyin mota, mu ka sa Gumel da Haɗeja da Sule Tankarkar. Ashana da aka rina ta zama tarago. Kafin wata guda, ƙaramin cikinsu ya haddace garuruwan da ke tsakanin Kano da Ikko ba wanda ya sa shi.

Saura amsar 'yata, mai son hango abu tun daga nesa. Wannan ba sai an je Jamus ba, yana nan ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida inda dattawa ke zama. Dara na ke nufi. Da tsohuwar zuma a ke magani. Na san yawancinku kun gan ta daga nesa ba ku san dokarta ba, to, ga ta. A tona gurbi 30 a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Mutum biyu ke yi, kowa da 'ya'ya 12, wannan ya ɗauki tsakuwa, wancan guntayen kara. Da fari ana sa su ɗai-ɗai, ki sa in sa, kuma ba a yarda a jera uku a wannan lokaci ba. In sun ƙare, sai a shiga turawa: ɗa guda, gurbi guda, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Duk wadda ta jera nata uku cif a miƙe, sai ta ɗauke ɗa guda na abokiyar wasa. Huɗu a jere ba ya ci. Wadda 'ya'yanta su ka ragu har ba ta iya jera uku, an cinye ta.

Doka ke nan, ba ta fi a faɗa cikin minti biyu ba. Amma ku lura da kamarta da Catan. A Catan wurin da ki ka kafa ƙauyukanki biyu na fari shi ke binki har ƙarshen wasa. A dara ma tun wajen sa 'ya'ya a ke cin mutum, ko da ya ke ba a ɗauke kome ba tukuna. Gwani yana sawa yana duban inda zai buɗe nan gaba, yana kuma toshe miki inda ya ga kin nufa. Babban abin da a ke nema shi ne a tsara 'ya'ya yadda in an tura guda ya cika uku a nan, in an maido shi ya cika uku a can, kowane motsi da ci. Wannan shi a ke kira doki. Wanda ya hau doki ya gama da ke, sai dai in kin hango shi tun yana ɗaura sirdi. Ba Hausawa kaɗai ke yinta ba, Dakarkari suna yi, Zabarmawan Nijar kuma suna ce mata dili.

Akwai kuma ɗaya darar wadda mu mata mu ka fi sani tun muna yara, mai gurbi 12, kowane gurbi da 'ya'ya huɗu, duka 48. Ƙwallon aduwa ko na dabino ya isa. Ki kwashe gurbi guda ki bi kina zuba ɗai-ɗai. Yarbawa suna ce wa tasu ayo, mutanen Gana kuma oware, doka tana ɗan bambanta daga wuri zuwa wuri. Mai yinta da ka tana kwasa ne kawai ta ga abin da Allah zai yi. Gwana kuwa ta riga ta ƙidaya inda ɗan ƙarshe zai sauka kafin ta sa hannu.

Da na nemi wani tsoho cikin dangin maigidanmu ya koya wa 'yan matan gidan dara mai gurbi 30, sai ya yi dariya ya ce, "Uwar gida, dara ai ta maza ce." Na ce, "Baba, macen da ke raba kwanon gero ya kai mako a gida mai mutum goma, wane lissafi ne cikin dara zai gagare ta?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a kawo tsakuwa. Yanzu in ya zo shi ke fara tambaya ina jikar tasa mai taurin kai, don ta fara ba shi wahala. Ni abin da na gani ya sake a yarinyar ya fi cin wasa. Ta koyi ta dakata kafin ta motsa. Ta koyi a cinye ta ba ta yi kuka ba, ta ce a sake. Yarinya mai wannan hali, ko a makaranta ko a ɗakin miji, ba a yi mata wayo da sauƙi.

Kafin in rufe, ga gargaɗi. Kada a sa ko kwabo a kan wasa, ko da goro ne, don da an sa ya zama caca, caca kuwa ba ta shiga gida ta bar shi lafiya. Kada wasa ya ci lokacin salla, ko aikin makaranta, ko tuwon maigida. Na kuma san akwai gidajen da ba a yarda da abin jifan nan mai ɗigo-ɗigo ba, don malamai da yawa sun yi magana a kansa. Masu irin wannan gida su kwantar da hankalinsu: dara iri biyun nan, da Carcassonne, da Ticket to Ride, da wasan wake, duk ba a jefa kome a cikinsu.

Saboda haka, 'yar'uwa, in yaranki sun ɗanɗana wani wasa sun ce ki nemo irinsa, fara tambayarsu me su ka so a ciki. In kina da hali ki saya, in babu ki zana a kwali. Wadda ba ta da ko kwalin, ai tsakar gidanta da ƙasa, bayan gida kuma da tsakuwa. Ina roƙon wadda ta san wata dokar dara ta garinsu da ta saɓa da wadda na faɗa, ko wani wasan tunani na mata da ya ke neman ɓacewa, ta rubuto wa wannan fili mu ƙaru da juna. Allah ya shirya mana zuriya, amin.

Taku,
Wata uwar gida, Gagarawa Tasha.