Idan mai gadi ya hana mai gida shiga: antibirus da matsalar buɗe intanet



Akwai wata matsala da ke yawan kawo mana mutane shago da kwamfuta a hammata, rai a ɓace. Mu da muke sana'ar sibar da buga takardu, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa har Yamai, duk mun san ta. Jiya kwamfuta lafiyarta lau. Antibirus ya nemi a yi masa mizajur, aka ce masa to. Gari na wayewa aka buɗe Chrome, sai ga jan alama da rubutu: «Votre connexion n'est pas privée». Mai Firefox kuma ya ga «risque probable de sécurité». Rezo na nan, WhatsApp na tafiya a waya, amma Gmail ya ƙi, Facebook ya ƙi, shafin da ɗalibi zai tura dosiyensa shi ma ya ƙi.

Magani biyu ne mutane suka fi ruga wa. Na farko, a kashe antibirus ɗin gaba ɗaya, a ce ai shi ne mugun. Na biyu, a kai wa mai gyara ya yi mata fomate. Mu dai abin da shekarun zama gaban waɗannan na'urori suka koya mana shi ne, duka biyun garin neman gira ne a rasa ido. Mafi yawan lokaci gyaran bai wuce minti goma ba, in an san inda za a duba, kuma aka bi abin daki-daki.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a ciki, don wanda ya gane dalili ba ya firgita.

Kun san yadda ake kai takarda meri a buga mata hatimi kafin a karɓe ta cikin dosiye. To haka shafukan intanet suke. Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana da takardar shaida, wadda wata hukuma da aka yarda da ita ta buga wa hatimi. Manhajar shiga intanet, wadda muke ce wa nabigater, tana riƙe da rajistar hatiman da ta sani. In takardar ta zo da hatimin da ke cikin rajista, sai ta buɗe ƙofa. In ba ta san hatimin ba, sai ta tsaya ta yi kashedi. Aikinta ke nan, kuma don kare mu take yi.

Shi kuma antibirus yana son ganin abin da ke shigowa, alhali saƙon a rufe yake zuwa kamar wasiƙa cikin ambulan. Sai da yawa daga cikinsu suka samo dabara: su tsaya tsakani, su buɗe ambulan, su duba, su sake rufewa, su buga nasu hatimin. Don nabigater ta yarda, tun ranar da aka saka antibirus yake shigar da hatiminsa cikin rajista. To ranar mizajur, wani lokaci yakan sake sabon hatimi, amma sabon bai shiga rajista yadda ya kamata ba. Sai nabigater ta ga kowace wasiƙa ta zo da hatimin baƙo, ta ƙi duka. Mai gadin da aka ɗauka ya tsare gida, shi ne ya hana mai gida shiga.

Abin da ya sa za ka ga Chrome na aiki Firefox ya ƙi a kwamfuta guda kuwa, Chrome da Edge suna yarda da hatimin da aka shigar a rajistar Windows, shi kuma Firefox da tasa rajistar ya taso. Kuma kada wani ya ɗauka mu kaɗai abin ke samu don muna Sahel. A farkon 2019, da Firefox 65 ya fito, sai da kamfanin Mozilla ya dakatar da rarraba shi ga masu Windows na ɗan lokaci, saboda irin wannan karo da wasu antibirus. A watan Yuli na shekarar, cikin Firefox 68, suka saka dabarar da zai riƙa gano matsalar ya gyara da kansa. Ranar 19 ga Yuli 2024 ma, mizajur guda na kamfanin tsaro CrowdStrike na Amurka ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8 da rabi a ƙiyasin Microsoft, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka shiga ruɗani. In manya sun yi tuntuɓe da mizajur, ƴar tsohuwar kwamfutarmu ta shago ba abin mamaki ba ce.

Ga yadda muke bi in an kawo mana.

Kafin komai, muna karanta abin da aka rubuta. Mutane da yawa da sun ga ja sai su rufe da sauri. A ƙarƙashin kashedin akwai ɗan rubutu da manyan baƙaƙe, shi ne sunan ciwon. Ka ɗauki hotonsa da waya. In ka ga kalmar DATE a ciki, kamar ERR_CERT_DATE_INVALID, maganar kwanan wata ce. In ka ga AUTHORITY_INVALID a Chrome, ko UNKNOWN_ISSUER ko MITM_DETECTED a Firefox, maganar hatimi ce. In ka ga PROXY, wata hanya ce daban, za mu zo kanta.

Daga nan sai agogo. Wallahi ba mu san iyakar kwamfutocin da aka kawo mana ana zagin antibirus ba, alhali kwanan wata ne ya koma 2009 ko 2012. Yawancin na'urorinmu na hannu ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso nan. A cikinsu akwai ɗan pil mai faɗin kwabo, CR2032, shi ke riƙe agogo in an kashe wuta. In ya mutu, kuran ya ɗauke cikin dare, da safe kwamfuta ta farka a wata shekara. Kowace takardar shaida tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, to in kwamfuta na ganin yau 2009 ne, duk takardar da aka nuna mata za ta ce lokacinta bai yi ba. Mizajur ya faɗo daidai ranar ne kawai, aka ɗora masa laifi. Gyara kwanan wata da awa, sayi sabon pil wajen masu agogo, shi ke nan.

In agogo daidai yake, sai mu sake kunna ta, amma da «Redémarrer». A Windows 10 da 11, «Arrêter» ba ya sauke komai da komai, yana ajiye wani sashe don ta yi saurin tashi. Antibirus kuwa sau da yawa sai an yi cikakken redemare yake ƙarasa mizajur ɗinsa. Da yawa a nan suke warkewa.

In ba ta warke ba, sai gwaji. Mu buɗe shafin nan a waya, kan wifi ɗin da kwamfutar ke kai. In wayar ma ta ƙi, to matsalar daga rezo take ko daga shafin, wani lokaci ma forfe ne ya ƙare ba a lura ba. In shafi guda ne kawai ya ƙi sauran na buɗewa, a bar antibirus ya huta, masu shafin ne takardarsu ta ƙare. In kuwa waya ta buɗe, kwamfuta ta ƙi kusan kowane shafi, to ciwon yana cikin gida. Sai mu danna alamar da ke hagu da adireshi, mu nemi takardar shaidar, mu ga wa ya buga hatimin. In sunan antibirus ɗinka ne a wurin, an kama mai laifi da hannu cikin tukunya.

Gyaran nasa ba wuya. A shiga saitin antibirus, a nemi wurin da aka rubuta «analyse HTTPS» ko «analyse SSL», galibi ƙarƙashin kariyar intanet yake. A kashe wannan ɗaya tak, a rufe nabigater gaba ɗaya, a sake kunna shi, a buɗe. Sau da yawa kashewa da kunnawar nan kan sa ya sake shigar da hatiminsa. In ya ƙi, a duba ko ita nabigater ɗin tana jiran nata mizajur, a yi mata. In har yanzu ya ƙi, a bar wannan sashe kaɗai a kashe zuwa lokacin da kamfanin zai fitar da gyara. Sauran sassan, musamman mai duba fayil da kile USB, su ci gaba da aikinsu.

Wani lokaci kuma ba kashedin hatimi, shafi ne kawai fari fat, ko a ce ba a iya haɗawa ba. Nan sai mu duba abu uku. Garkuwar antibirus, wato pare-feu, ko ta ɗauki nabigater a matsayin baƙuwa ta toshe ta. Saitin proksi na Windows, ko an bar wani adireshi a ciki da ba mu muka saka ba. Sai ƴan ƙananan manhajojin da antibirus ke liƙa wa nabigater, a kashe su ɗaya bayan ɗaya a gani. Kuma mu tambayi mai kwamfuta: kafin wannan, wane antibirus ke ciki? Sau da yawa tsohon bai fita duka ba. Masu gadi biyu a ƙofa ɗaya, kowa zargin ɗan uwansa yake, mai gida ne ke kwana waje. Manyan kamfanonin antibirus suna da ƴar manhajar share ragowar kayansu a shafinsu, kyauta.

To me ya sa muka dage kada a kashe antibirus, kada a yi saurin fomate?

A bazarar da ta wuce, lokacin da ɗalibai ke tseren ajiye memuwar, abin ya faɗa wa shagonmu da na wani maƙwabcinmu rana guda, don antibirus iri ɗaya muke da shi. Mu muka bi matakan nan, kafin azahar muna aiki. Shi kuma yaron shagonsa ya kira wani mai gyara, aka yi wa kwamfutoci uku fomate. A cikin ɗaya akwai memuwar wata ɗaliba, babi huɗu da aka yi mako biyu ana bugawa daga rubutun hannu, ba kwafi ko'ina. Mun ga yarinyar nan zaune bakin shago ta haɗa kai da gwiwa. Abin takaici, da aka mayar da antibirus ɗin ya sake mizajur, matsalar ta dawo yadda take. An yi asarar aiki, an biya kuɗin gyara, ciwo na nan.

Kashe antibirus kuwa, ku tuna irin aikinmu. Kile nawa ke shiga kwamfutar shago a yini? Na ɗalibi, na malamin lakwal, na ɗan kasuwa, na ma'aikaci. Kowa ya san cutar nan ta rakursi, mai ɓoye fayilolin mutum ta bar masa gajerun hanyoyi na bogi. Ta kile take yawo, ba ta buƙatar intanet. Yini guda ba mai gadi ya isa kwamfuta ɗaya ta rarraba wa unguwa.

Akwai na uku da ya fi ba mu tsoro, shi ne sabo. Ƙarƙashin kashedin akwai wurin da za ka danna ka wuce duk da haka. In muka koya wa masu zuwa shagonmu cewa jan rubutu ba komai ba ne, danna ka wuce, to ranar da kashedin zai zama na gaske, ranar da wani ɓarawo ne ya tsaya tsakani, haka za su danna su wuce, su rubuta lambar sirrinsu ta imel ko ta banki. Wanda ya zauna a kujerar sibar ya shigar da lambar sirrinsa, amana ya ba mu. A shagonmu doka ce: in ja ya fito, ba a rubuta lambar sirri sai an gano dalili.

Sai maganar da wasu ba za su so ji ba. Antibirus ɗin da aka fasa, wanda ake kwafa daga kile zuwa kile da lambar da mutum ɗari ke amfani da ita, shi ya fi kowa rikicewa ranar mizajur, kuma ba ka san abin da wanda ya fasa shi ya cusa ciki ba. Mai Windows 10 ko 11 yana da Microsoft Defender a ciki, ba a biyan ko dala. Gwamma shi da mizajur a kan kari, da babban suna na sata.

Masu Windows 7 kuma, gaskiya ɗaya ce. Microsoft ya daina kula da shi tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ya tsaya masa a lamba 109 a farkon 2023. Windows 10 ma an sa ranar 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen kulawarsa ta yau da kullum. Mun san halin aljihu, ba kowa ke iya sake na'ura ba. Amma a sani cewa a kan tsohon Windows irin wannan karo zai riƙa ƙaruwa, don antibirus na gaba, nabigater na tsaye. Irin wannan kwamfuta a bar ta ga buga takardu da fotokopi, harkar kuɗi da lambar sirri a yi ta wani wuri.

Shawararmu ga ƴan uwa masu shago: kada a yi wa dukan kwamfutoci mizajur rana guda. A fara da ɗaya, a ga yadda ta kwana. Kada a yi shi ana gobe rufe karɓar dosiyen konkur ko na bursu, ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin mutane kuma a riƙa kwafe shi waje biyu kowace yamma. Ga masu kai gyara, in mai gyara ya ce fomate tun bai karanta abin da ke kan allo ba, ka ce masa ya dakata, ku duba agogo tukuna. Kuma ko za a yi, a fara kwashe maka kayanka.

Wanda ya taɓa gamuwa da wannan matsala, ya faɗa mana abin da aka rubuta masa da yadda ya warware ta, wani zai ƙaru. A tura wa mai sibar na unguwa da ɗaliban gida. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu sa'a a sana'o'inmu. Sai wani jiƙon.