Daren Kawu a Birmingham: Idon da ke bango da ƙafar da ke zuwa

Mai karatu, idan ka taɓa yin jinya a asibiti a Legas ko Ibadan ko Fatakwal, ka san kayan aikin: tabarma, buta, filas ɗin ruwan zafi, tocila da zanen rufa. Ka san kuma yadda ake kwana a ƙasa tsakanin gado da gado, ido a rufe amma kunne na jiran tarin majinyaci. Da wannan sanin na haɗa jakata a watan Disamba, bayan an bugo waya daga Ingila cewa an kwantar da Kawu. Har darduma mai kauri na naɗe na saka, don na ji an ce ƙasan can akwai sanyi.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ya bar Agege sama da shekara 40 da suka wuce, ya je karatu, ya sami aiki, ya zauna a Birmingham. Gigin tsufa ne ya kama shi, har ya kai yana fita cikin dare yana neman hanyar masallacin unguwarmu ta Legas. Da abin ya fi ƙarfin iyalinsa, aka ba shi gado a sashen tsofaffi masu ciwon mantuwa na wani asibiti.

Wajen awa shida da rabi ne daga Legas zuwa Landan a jirgin sama. Daga tashar Euston jirgin ƙasa ya ɗauke ni, cikin kamar awa ɗaya da rabi ya sauke ni a tashar New Street, a tsakiyar Birmingham. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne duhu. Kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, an kira magariba, kuma ba za ka sake ganinta ba sai bayan takwas na safe. Gidan Kawu na unguwar Small Heath, inda za ka bi titin Coventry Road ka ga mahauta masu naman halal, da gidajen abincin 'yan Somaliya da Pakistan, da mata cikin hijabi suna tura kekunan jarirai. In ban da sanyin da ke ratsa ƙashi, sai ka ce wata unguwa ce a Idi-Araba. Dogon daren nan shi ya tsaya mini a rai, domin duk wanda ya yi jinya ya san da dare ake tsoro.

Washegari matar Kawu ta gan ni na rungumo darduma za mu asibiti, sai ta yi dariya.

"Ɗan nan, ajiye kayanka. Nan ba a kwanan jinya. Lokacin ziyara na cika za su sallame mu."

"To Hajiya, wa zai kwana da shi?"

"Za ka gani da idonka."

Sashen ba irin dogon zauren da muka saba ba ne, mai gadaje jere hagu da dama. Kowane majinyaci da ɗakinsa, da banɗakinsa a ciki, ƙofofi a jere a dogon lungu mai tsit. Wannan ya ba majinyaci sutura, sai dai ya kawo wata matsala: nas ba za ta iya ɗaga kai ta ga kowa lokaci guda ba. Na tarar da Kawu zaune a kujera da hularsa, ya kira ni da sunan mahaifina, na amsa. Can sama a bango, kusa da rufi, na hango wani akwati da bai kai girman jakar hannu ba. Hajiya ta nuna shi da haɓa ta ce, "Ga mai jinyar tasa."

Nas ɗin da ke aiki ranar 'yar Najeriya ce, Bayarabiya, ta tashi kusa da Sabo a Ibadan, tana jin Hausa daidai gwargwado. Ita ta yi mini bayani. A cikin akwatin akwai kyamara da wata fitila mai hasken da idon mutum ba ya gani, shi ya sa take aiki ko da an kashe wutar ɗaki. Duk lokacin da zuciya ta buga, jini na ɗan sauya launin fata, sauyin da ni da kai ba za mu lura da shi ba, amma kyamarar na kama shi ta ƙirga bugun. Numfashi kuma daga ɗagawa da saukar ƙirji take ƙirga shi. Babban mutum da ke hutawa zuciyarsa kan buga sau 60 zuwa 100 a minti, ya yi numfashi sau 12 zuwa 20, don haka nas na duba lambar ta san ko akwai abin dubawa. Na'urar na kuma aika ƙara zuwa wani allo a ofishin nas-nas da wanda suke riƙewa a hannu, idan majinyaci ya zauna a bakin gado, ko ya sauka, ko ya daɗe a banɗaki, ko ya fita daga ɗaki.

"Malam, da can sai mu riƙa buɗe ƙofa da tocila cikin dare, wani majinyacin duk bayan minti 15, don mu tabbatar yana numfashi," in ji ta. "Ka tashi tsoho mai ciwon mantuwa sau goma a dare, ka ga yadda zai wuni gobe."

Ina saurarenta, hankalina ya koma wani dare a Legas. Shekara huɗu ke nan, ni ne ke jinyar mahaifiyata a wani asibiti. Kwana uku ban runtsa ba, a na huɗu barci ɓarawo ya sace ni. Ta tashi za ta kewaya, ba ta so ta tashe ni don tausayi, jiri ya ɗebe ta. Ƙarar faɗuwarta ce ta farkar da ni. Ƙashin ƙugunta ya karye, kuma har Allah ya yi mata rasuwa ba ta sake tafiya ba tare da sanda ba. Ba ni kaɗai na ɗanɗana wannan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi ci. Don haka da na ɗaga kai na sake kallon akwatin nan, a raina cewa na yi ina ma a ce akwai shi a wancan daren.

Hajiya ba haka take kallonsa ba. Da muka koma gida ana shan shayi ta ce, "Kawunka mutum ne mai kunya. Ko 'ya'yansa ba su taɓa ganinsa ba riga ba. Yanzu a ɗakin nan yake tuɓewa, a nan ake sauya masa kaya, ido na kansa, shi kuma ba ya cikin hankalin da zai ce ya yarda ko bai yarda ba." Ta ce sai da ta zauna da shugabar sashen ta yi tambayoyi kafin hankalinta ya ɗan kwanta. An shaida mata cewa ba a ɗaukar murya, kyamarar ba ta leƙa banɗaki, kuma ba zama ake yi ana kallonsa kamar talabijin ba: hoto tar-tar na 'yan daƙiƙoƙi ne yake fitowa lokacin da nas za ta auna bugun zuciya da numfashi. Duk da haka, in ji ta, kullum in ta shiga ɗakin sai ta gyara mayafinta.

Damuwar Hajiya ta daɗe ana tafka muhawara a kanta a Ingila. Na'urar da ta fi shahara a wannan fanni ita ce Oxevision, ta kamfanin Oxehealth wanda ya fito daga binciken Jami'ar Oxford a 2012, kuma asibitocin masu lalurar ƙwaƙwalwa da dama sun girka ta a ɗakunan kwana. A 2023 wasu da suka taɓa kwanciya a irin waɗannan asibitoci suka kafa gangamin Stop Oxevision, suna cewa an sa musu kyamara a kai ba tare da an nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kuma ga wanda ciwonsa shi ne jin ana bibiyarsa, kyamara ƙarin ciwo ce. A 2024 masu bincike daga jami'o'in Landan suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi kan na'urorin sa ido a irin waɗannan sassa, suka ce hujjar da ke ƙasa ba ta kai a tabbatar cewa suna kawo amincin da ake faɗa ba. A 2025 hukumar lafiya ta Ingila, NHS England, ta fitar da ƙa'idoji da suka jaddada neman yardar majinyaci da duba halin kowane mutum shi kaɗai, maimakon a kunna wa kowa da kowa.

Na yi mako uku ina zuwa kullum, kuma dare biyu ne suka koya mini abin da nake son in gaya maka. A na farko, wajen ƙarfe uku, Kawu ya zuro ƙafa daga gado, a tunaninsa an kira asuba a Agege. Ƙara ta shiga, nas ɗin nan ta Ibadan ta iso kafin ya miƙe. Ta ce masa, "Baba, da saura, ladan bai tashi ba tukuna." Ta riƙe hannunsa ta kai shi banɗaki, ta mayar da shi gado. A dare na biyu ƙarar ta shiga kamar yadda ta saba, amma ma'aikatan duka suna can ƙarshen lungu kan wani majinyaci da jikinsa ya rikice. Kafin ɗaya ta samu ta zo, Kawu ya zame yana zaune a ƙasa. Allah ya kiyaye, bai ji ciwo ba, kuma da safe su da kansu suka kira Hajiya suka faɗa mata. Na'ura ɗaya ce, ta kuma yi aikinta a duka dararen. Abin da ya bambanta su shi ne ko akwai mai zuwa.

Na tambayi nas ɗin ko tana ganin wata rana akwatin zai maye gurbinsu. Ta ce, "Malam, shi gani yake yi. Ni ce ƙafarsa, ni ce hannunsa. Kuma bai san Baba salla yake nema ba."

To mai karatu, me ya shafe mu, mu da ke nan gida? Asibitocin kuɗi a Legas da Abuja na ta sa kyamarori, wasu iyalai ma na sa wa tsoffinsu a ɗaki su riƙa kallo ta waya daga wurin aiki. Idan ka kai naka inda aka ce ana sa ido da na'ura, kada kyan akwatin ya hana ka tambaya. Wa ke kallon allon, namiji ne ko mace? Ana ajiye hoton, har tsawon wane lokaci, kuma wa ke da ikon buɗe shi? In majinyaci ya ce ba ya so, za a kashe? In an ɗauke wuta ko intanet ta yanke, me ke faruwa? Sannan babbar tambayar: ma'aikata nawa ke kwana, a kan majinyata nawa? In amsar wannan ta ƙarshen ba ta gamsar da kai ba, kada ka naɗe tabarmarka.

In kuma asibitin irin wanda mafi yawanmu ke zuwa ne, inda mai jinya shi ne na'urar, to a tausaya masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada a bar mutum ɗaya ya kwana uku a jere kamar yadda na yi. Dangi su raba dare. A kai tsoho banɗaki kafin ya kwanta, a bar ɗan haske, a sauke gado ƙasa in yana saukuwa, a kawar da buta da kwanuka daga hanya. A tambayi nas ko cikin magungunan akwai mai sa jiri ko barci. A kuma gaya wa majinyaci ƙarara cewa tashin mai jinya ba laifi ba ne, domin tausayin da mahaifiyata ta ji mini shi ya jawo mata sanda.

Ranar da zan dawo na je sallama da yamma, duhu ya riga ya rufe tagar. Kawu ya riƙe hannuna ya ce in gaida masa yayarsa, na ce za ta ji, duk da ta riga mu gidan gaskiya. Dardumar da na kawo kuwa ba ta dawo Legas ba. Hajiya ta nemi izini aka shimfiɗa masa ita a kan kujerarsa, yana sallarsa a zaune a kai. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu kwana a kansu da alheri.