Lebda, Garin Rumawa a Bakin Tekun Libiya

Mutumin Rido ta Kaduna in ya ji an ce Rumawa, Suratur Rum ce ke fara zo masa a rai, sai kuma Italiya. Ba kowa ya san daular ta mamaye arewacin Afirka ba, har ɗan Libiya ya taɓa mulkinta. Garinsu na je na gani: Lebda, wadda Rumawa ke kira Leptis Magna, a gefen Khums, kimanin kilomita 120 gabas da Tarabulus. Wani birkila ɗan Kaduna da ya daɗe yana aiki a can shi ya yi mini jagora.

Da shiga za ka tarar da wata ƙofa mai baki huɗu, ta girmama Septimius Severus. A nan aka haife shi, ya hau mulki a 193, ya mutu a York ta Ingila a 211. Samun sarauta ke da wuya ya yi wa garinsu ruwan gine-gine: dandali, zauren shari'a, da titi mai jerin ginshiƙai har bakin ruwa.

Ni dai kasuwar ce ta tsayar da ni. Teburan 'yan tireda na dutse suna nan, ga wani dutse da aka fafe masa ramuka na awo, ga wani da aka zana wa ma'aunin tsawo iri uku, don baƙo da ɗan gari kowa ya auna da wanda ya sani. Birkilan ya zura hannu cikin rami ɗaya ya ce, "Malam, ka ga mudun hukuma. Wannan ba mai buga masa gindi." Wani attajirin garin mai suna Annobal ya gina ta kafin zamanin da Annabi Isa ya fara wa'azi. Arzikinsu man zaitun ne, da kayan da ayari ke haurowa da su ta Fezzan, yankin da fataken Kano suka riƙa ratsawa ƙarnuka bayan haka.

Na zaci zan ga alamun yaƙi ɗaya da ya tashi garin. Abin da na gani ya fi kama da sakaci. Tashar jiragen ruwan da Severus ya faɗaɗa yashi ya cike ta, yau ciyawa ce a wurin. Wanda ya girma kusa da matatar man Kaduna, ya ga ta 1980 ya ga ta yanzu, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Labarin da ya fi ƙona mini rai na wajen 363 ne. Ƙabilar Austuriani suka addabi ƙauyukan Lebda da hari, mutanen gari suka kai kuka wurin Romanus, kwamandan sojan Afirka. Ya zo da rundunarsa, amma ya ce ba zai motsa ba sai an ba shi guzuri da raƙuma 4,000. Ina mutanen da aka washe za su samo? Ya yi kwana 40 ya kama gabansa. Suka kai ƙara wurin Sarki Valentinian, aka turo mai bincike, shi ma Romanus ya ɗaure masa baki. Ƙarshe masu ƙarar aka mayar maƙaryata, aka kashe waɗansu, har da gwamnan lardin. Ammianus Marcellinus, marubucin zamanin, ya ajiye labarin.

Sauran ya zo da sauri. Ƙabilar Bandalawa suka ƙwace birnin Kartaj daga hannun Rumawa a 439, aka tuɓe sarkin Rum ta yamma na ƙarshe a 476, kuma kafin Larabawa su iso a shekarun 640 garin ya riga ya zama ƙauye. Yashi ya binne shi har Italiyawa suka tone a shekarun 1920. Wasu ginshiƙan ba za ka same su a nan ba. An kwashe su zuwa Faransa zamanin Louis na 14, wasu kuma suna tsaye yau kusa da Windsor a Ingila.