Sirrin Clark Kent da sirrin ƴan biɗa

Shirin Smallville ya fara fita a talabijin ɗin Amurka a watan Oktoba na 2001, ya yi shekara goma ana nuna shi, aka rufe a 2011. Ni na kalle shi ne da Faransanci, a faifan CD da na saya a kasuwar Madawa lokacin ina sabon malami. Na ɗauka an daɗe da mantawa da shi, sai ga shi bana ɗalibaina ƴan ajin jarrabawar BEPC a nan Buza suna tura wa juna shi ta salula, suna gardama a kan Clark da Lana kamar ƴan unguwarsu ne.

Ga wanda bai san labarin ba: a 1989 aka yi ruwan duwatsu daga sararin samaniya a wani ƙaramin gari na jihar Kansas. Cikin duwatsun har da ɗan kumbo ɗauke da yaro daga wata duniya mai suna Kirifton. Wani manomi, Jonathan Kent, da matarsa Martha, waɗanda Allah bai ba su haihuwa ba, suka tsince shi, suka raɗa masa Clark. Yaro ya tashi da ƙarfin da ya fi na mutum ɗari, da gudun da ido ba ya gani, harsashi ba ya huda shi. Shi ne Superman kafin ya zama Superman. Iyayen riƙonsa suka ɗora shi a kan doka ɗaya: kada kowa ya sani.

Yara suna kallo ne saboda faɗa da ɗaga mota da hannu ɗaya. Abin da ya riƙe shirin shekara goma kuwa soyayyar da sirri ya yi wa dabaibayi ce. Clark yana son Lana Lang tun suna ƙanana. Duwatsun da suka rako shi duniya su suka kashe mata uwa da uba a gaban idonta tana ƴar shekara uku. Har sarƙar da take sawa a wuya, guntun koren dutsen nan ne, wanda in ya matso kusa da shi jikinsa ke mutuwa. Wato sirrin da yake ɓoyewa ba nasa ba ne shi kaɗai, Lana tana da haƙƙi a ciki. Kullum sai ya ɓace mata ba dalili, ya dawo da wata ƙarya marar kai, ita kuma ta tambaye shi me yake ɓoye mata, ya sunkuyar da kai.

Akwai kashi na 100, wanda aka nuna a Janairun 2006, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. Clark ya gaji, ya ɗauki Lana ya kai ta fadarsa ta ƙanƙara, ya faɗa mata komai, ya murƙushe gawayi a tafin hannu ya zama lu'ulu'u, ya nemi aurenta. Ta yarda. A daren nan Lex Luthor ya gane ta san sirrin, ya bi ta a mota, ta yi haɗari ta mutu. Aka ba Clark dama ya maimaita wannan rana sau ɗaya tak. Wannan karon ya yi shiru, Lana ta ce su dakata da soyayyar, ta rayu, sai Jonathan ya faɗi da ciwon zuciya ya rasu. Daga baya ma Lana ta auri Lex ɗin.

Marubutan sun san abin da suke yi. Ranar da Clark ya faɗi gaskiya aka zauna lafiya, ranar kasuwarsu ta watse, don haka dole su sa gaskiya ta yi kisa. Wannan dabarar neman abinci ce, ban ga laifinsu ba. Amma yaro ɗan shekara goma sha biyar bai san da haka ba. Wani ɗalibina mai kaifin kai ya ce mini, "Mushe, ai in kana son yarinya da gaske, ɓoye mata za ka yi don ka kare ta." Ƴan matan ajin suka yi masa caa. Wata ta ce kare kansa dai yake yi.

Mu Hausawa ba baƙin sirri ba ne. Addu'armu ta kullum Allah ya rufa mana asiri. Muna yaba mai zurfin ciki, muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Matar da ke tallar aibin mijinta a bakin rijiya ba ta da daraja a idonmu. Duk wannan gaskiya ne, kuma ina koya wa ƴaƴana shi. To amma kakanninmu da suka san darajar rufin asiri su ne kuma suka kafa bincike kafin aure: a tura dattawa su tambayi asali, da hali, da sana'a, da ciwon da ke bin gida. Malaman Malikiyya da muke karanta littattafansu a zaure, tun daga Risala, sun lissafa aibobin da in an ɓoye su ana iya warware aure, irin su hauka da kuturta da albaras. Sun bambanta abin da yake naka kai kaɗai da abin da wani zai shiga ya rayu a cikinsa.

A nan Adar da Majiya maganar ta fi nauyi, domin mu mutanen biɗa ne. Da an gama girbi ƙauyukan Keita da Tamaske da Karofane sai su koma na mata da tsofaffi da yara. Lokacin aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da taimakon Italiya, mata ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu suka haƙa ramukan tare ruwa, saboda mazan suna Abijan da Legas da Kamaru. Yau an ƙara da Libiya da Aljeriya. Mutumin da ya yi shekara uku, huɗu a waje yana da rayuwa biyu, ko ya so ko bai so ba. Mafi yawansu wahala suke ɓoyewa: aikin da suke jin kunyar faɗa, kwanan kasuwa, kurkuku, bashin da aka ci aka aiko kuɗin Salla. Wannan ɓoyon ina tausaya masa, yana kama da na Jonathan Kent mai haɗiye damuwarsa ya tafi gona.

Akwai wani ɓoyon kuma. Na san gidan da sai da aka zo rabon gado aka ji marigayi yana da mata da ƴaƴa uku a Abijan. Shari'a ba ta hana shi aure ba, amma uwargidan da ta shekara ashirin tana kai taki gonarsa ta tarar da rabon ƴaƴanta ya ragu a yini ɗaya, kuma ga marayu can da ba su san hanyar garin ubansu ba. Na san wanda ya dawo da ciwo a jini, ya sani, ya yi shiru ya ɗauki amarya ƴar shekara goma sha bakwai. Da za a tambaye shi, na tabbata cewa zai yi ba ya son tayar mata da hankali. Maganar ɗalibina ke nan, a bakin babba.

Haka batun amosanin jini. Idan saurayi da budurwa duk suna da AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Jihar Kano ta yi doka a 2024 da ta wajabta gwajin jini kafin aure. Mu nan abin ya rage ga iyaye da limamai, kuma sau da yawa iyayen ne ke cewa a rufe, kada yarinya ta rasa miji. Kada mu manta, a shirin ma iyaye ne suka fara: Clark bai san akwai kumbo a ramin ajiya na gonarsu ba sai da ya shiga makarantar sakandare.

Ba na gaya wa ɗalibaina su zazzage cikinsu ga duk wanda ya ce yana son su. Shirin kansa ya nuna sirri kaya ne: Pete, abokin Clark na farko da ya sani, nauyin ya ishe shi har ya bar garin. Kuma yarinyar da ta aika wa saurayi sirrinta ta WhatsApp tana iya jin sa gobe a bakin ƴan fada masu shan shayi. Zance daban, sa rana daban. Abin da nake tambayarsu shi ne: wannan abu da ka ɓoye, in ta sani za ta iya fasawa? In amsar i ce, to zaɓinta ka sace.

Lois Lane, wadda Clark ya yi wa baiko a ƙarshe, ba shi ya fara gaya mata ba. Ita ta gano da kanta a ƙarshen zango na tara, ta kama bakinta, ta ci gaba da harkokinta tana kallonsa yana ƙirƙiro uzuri, har ya gaji ya faɗa a zango na goma. Da na ba matata wannan labari dariya ta yi, ta ce rabin matan ƴan biɗa na unguwarmu Lois ne: ƙanen mijin da ya dawo ya riga ya gaya wa matarsa, matar ta gaya wa mai kitso, suna nan dai suna jira su ga ranar da maigida zai buɗe baki.